Kamu da Ado: Yadda Kokawar Resilin Ta Shiga Faifan CD

A shekarar 1993 kamfanin Acclaim ya fitar da WWF Rage in the Cage a kan Sega CD, na'urar da ake maƙala wa Mega Drive domin ta karanta faifai. Mai sayen gem ɗin ya samu 'yan kokawa 20, da muryar Howard Finkel, sanƙiran fagen WWF, tana kiran sunan kowanne, da gajerun bidiyo na ainihin 'yan wasan suna buga kayen da aka san su da shi. Bidiyon dishi-dishi ne, launinsa a koɗe, amma a wancan lokacin ganin mutum na gaske yana motsi a cikin gem abin a kira maƙwabci ne ya zo kallo. Da zarar an kaɗa ƙararrawa kuwa, sai a koma gidan jiya: mutum biyu su sarƙe, kowane mai wasa ya dinga dannar maɓalli da iya saurin yatsarsa, wanda ya fi sauri shi ke da kaye. Haka aka yi a kaset ɗin gem ɗin Royal Rumble, haka aka yi a faifan.

Wannan tazara tsakanin ado da kamu ita ta raba gem-gem na resilin gida biyu har ƙarshen zamanin PlayStation na farko.

Dalilin yana cikin na'urar. Faifan CD yana ɗaukar kimanin megabayit 650, alhali yawancin kaset ɗin Super Nintendo ba su wuce 4 ba. Wuri ya samu na zuba kiɗan shigowa, da ihun 'yan kallo, da muryar masu sharhi. Sai dai ƙwaƙwalwar aiki ta PlayStation megabayit 2 ce kacal, don haka abin da ke faruwa a cikin fage bai ƙaru da girman faifan ba. Sannan ga wata matsala da ta fi ta na'ura nauyi. Resilin wasa ne da ake tsara sakamakonsa, 'yan wasan biyu suna taimakon juna ne domin kayen ya yi kyau kuma kowa ya tashi lafiya. Masu riƙe da hannun gem kuwa kowa nasara yake nema da gaske. Mai ƙera gem dole ya samo hanyar da gasa ta gaskiya za ta fito da kamannin wasan da aka shirya, mai farawa a hankali, ya yi zafi, ya ƙare da babban kaye da ƙirga uku.

Amurkawa sun fara da kauce wa tambayar. WWF WrestleMania: The Arcade Game na kamfanin Midway, wanda ya iso PlayStation da Saturn a 1995, ya ɗauki hotunan 'yan wasa takwas na gaske ya sa su faɗa irin na Mortal Kombat. Undertaker yana maka wa abokin karawa dutsen kabari, Doink yana zaro ƙatuwar guduma, hannun Razor Ramon yana rikiɗa ya zama reza. Akwai daɗin bugawa, babu musu, amma wanda ya zo neman kokawa dambe ya tarar.

A Japan aka zauna aka yi wa kamu tunani. Jerin Fire Pro Wrestling na kamfanin Human, wanda ya faro tun 1989, ya kai wani babban mataki da 6Men Scramble a kan Saturn a 1996, inda mutum shida ke iya shiga fage lokaci guda. Zanensa na da ne, shimfiɗaɗɗe, ba abin da zai ja idon yaro a kanti. Hikimar tana cikin lokaci. Idan 'yan kokawa suka sarƙe, akwai ɗan ƙiftawar ido da ake so a danna maɓalli, sau ɗaya. Wanda ya yi ta dannawa barkatai shi ke shan ƙasa. Kuma wanda ya yi garajen ɗaga abokin karawa da babban kaye tun yana da ƙarfinsa, sai a juye masa. Dole ya fara da ƙananan kamu, ya gajiyar da shi, sannan ya hau zuwa manya. Da wannan doka guda ɗaya gem ɗin ya sa masu gasar gaske suna gina wasa daki-daki kamar yadda ƙwararru ke yi a fage, ba tare da an ce musu su yi ba. A duk tarihin wannan fanni da wuya a nuna dabarar da ta fi ta.

Ɗaya hanyar ta fito ne daga wani ƙaramin kamfani mai suna Yuke's da aka kafa a yankin Osaka a 1993. A 1995 ya yi Toukon Retsuden a kan PlayStation, da lasisin New Japan Pro-Wrestling, ƙungiyar da Antonio Inoki ya kafa a 1972. Yana cikin na farko-farko da suka gina 'yan kokawa masu cikakkiyar siffa, waɗanda kyamara ke iya zagayawa. Jikinsu kamar an sassaƙa da gatari, tafiyarsu a hankali, amma kaye yana da nauyi, kuma maɓallan ba su da wuyar ganewa. Da Activision ya kai shi Amurka a 1996 da sunan Power Move Pro Wrestling, sai aka cire taurarin Japan aka sa ƙagaggun 'yan wasa. Haka ma WCW vs. the World na 1997: asalinsa Virtual Pro Wrestling ne na Japan, aka yi masa sabuwar riga.

A daidai lokacin resilin ɗin talabijin yana tashe. Daga Satumbar 1995 shirin Raw na WWF da Nitro na WCW suna kokawar 'yan kallo duk daren Litinin, kuma gem-gem suka bi sahu. WCW Nitro na 1998 ya yi amfani da faifai yadda ya fi sauƙi: a wurin zaɓen ɗan wasa, kowanne yana da bidiyon da yake cika baki yana neman a zaɓe shi. Mutane da yawa sun fi tuna wannan fiye da wasan kansa. WWF War Zone, shi ma na 1998, ya fi shi nisa. Ya zo da sharhin Vince McMahon da Jim Ross, da damar mutum ya ƙera ɗan kokawarsa tun daga fuska har takalmi ya adana a katin ajiya. WWF Attitude na 1999, wanda aka sadaukar ga Owen Hart da ya rasu a watan Mayun shekarar, ya ƙara cikakkiyar shigowa da kiɗa da fitilu. Aibinsu ɗaya ne, kuma babba: kowane kaye yana da jerin dannawa, hagu, dama, ƙasa, sannan maɓalli, har sai mai wasa ya tsayar da faɗa ya duba jadawali. Kokawar da ake tsayarwa a yi bita ta rasa ranta.

A 1999 aka yi musayar lasisi. WCW ta koma Electronic Arts, WWF ta bar Acclaim ta koma THQ, shi kuma THQ ya miƙa aikin PlayStation ga Yuke's. A Maris ɗin 2000 WWF SmackDown! ya fito. Maɓallin da'ira tare da ɓangare guda ya isa a yi kaye. Idan ma'auni ya cika, L1 kaɗai ke fitar da babban kaye irin Stunner ɗin Steve Austin. Yaron da ya karɓi hannu yau zai iya kayar da yayansa kafin magariba, kuma wannan ne ya sa ya zauna daram a gidajen gem inda ake biya a buga. Abin lura, babu mai sharhi ko ɗaya a cikinsa. Yuke's ya bar muryoyin da Acclaim ke taƙama da su, ya zuba ƙarfin na'urar a sauri, da faɗan da ke fita daga fage zuwa bayan dandali, da kakar wasa mai labari. SmackDown! 2: Know Your Role da ya biyo baya a Nuwamba ya ƙara wasan tsani da Hell in a Cell, ko da yake jiran faifai ya loda ya zama abin ƙorafin kowa.

WCW kuwa ta rufe nata babin da Backstage Assault a ƙarshen 2000, gem ɗin kokawa da babu fage a cikinsa ko kaɗan, sai duka da kujeru da kwandon shara. A Maris ɗin 2001 WWF ta saye WCW. Yuke's ya ci gaba da ƙera gem-gem na WWF, wadda ta koma WWE, har zuwa WWE 2K19, kuma a 2005 ya sayi kaso mafi rinjaye na New Japan Pro-Wrestling, ya riƙe ƙungiyar har 2012 da ya sayar wa Bushiroad.