Jedai: Mayaƙan da Suka Bar Uwa Cikin Bauta

Yaranmu da kuke gani a lungu suna wasan takobi da karan tsintsiya suna ƙugi da baki, daga fina-finan Star Wars suka kwaso. George Lucas, mutumin Amurka, shi ya fitar da na farko a 1977. Jaruman labarin su ne Jedai, ƙungiyar mayaƙa masu doguwar riga kamar alkyabba da takobin haske, da majalisar dattawa, kowane almajiri da malaminsa. Ba su da Ubangijin da suke bauta wa. Wani ɓoyayyen ƙarfi suka yarda da shi, wai ya game duk mai rai, yana da gefen haske da gefen duhu. A kan wannan ba zan daɗe ba, tatsuniya ce, yaron da ya san Ƙulhuwallahu ba zai ruɗe ba. Ko da yake a ƙidayar Ingila da Wales ta 2001 mutum wajen 390,000 sun rubuta Jedai a gurbin addini, galibi don barkwanci.

Suna da abin yabo. Suna horar da almajiri ya danne fushi, kada ya zare takobi sai don kare wani. Hadisi ma ya nuna mana mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Inda na rabu da su shi ne zumunci. Dokarsu ta hana aure, ta hana shaƙuwa da kowa. Tun yaro yana ƙarami suke ɗauke shi daga iyayensa don kada ya san daɗin uwa. Ku duba fim ɗin 1999. Malam Qui-Gon ya tarar da Anakin, ɗan shekara 9, shi da uwarsa Shmi bayi ne a Tatooine. Da caca ya fanshi yaron, uwar ta zauna a hannun mai ita. To, a ce ran nan ba kuɗi a aljihu. Shekara goma fa suka biyo baya! Ƙungiyar da ke da katafaren gida a babban birni, tana shiga fada tana fita, ba wanda ya koma ya fanso matar nan. Wani manomi ne ya 'yanta ta ya aure ta. Da Anakin ya koma, a hannunsa ta cika, bayan mahara sun sace ta sun azabtar da ita. Mu da muka baro iyaye mata a Kano da Katsina da Sakkwato muka zo neman abinci nan, ai ba sai an fassara mana wannan ba.

A fim ɗin 2005 ya je wa Yoda, babban shehinsu, da mafarkin mutuwar wani nasa. Amsar da ya samu ita ce ya koyi sakin duk abin da yake tsoron rasawa, kada ma ya yi makoki. Haba! Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wanda ya zo neman izinin fita yaƙi kuwa, da ya ji iyayensa na raye, gare su ya mayar da shi. Anakin ya riga ya auri Padme a ɓoye, ba shi da wanda zai gaya wa damuwarsa. Palpatine, maƙiyinsu, shi kaɗai ya saurare shi, ya ja shi gefen duhu, ya zama Darth Vader, da hannunsa ya kashe ƙananan almajiran gidan.

Ba na wanke shi, wanda ya kashe yara ya kashe yara. Lucas a hirarrakinsa kan yaron yake ɗora laifi, wai kwaɗayin riƙe abin da yake so ne ya kai shi. Amma fim ɗinsa na 1983 ya ƙaryata shi. Obi-Wan, wanda tun farko ya ɓoye wa Luke cewa Vader ubansa ne, so yake ya je ya gama da shi. Luke ya ƙi, ya jefar da takobi a gaban sarki. Vader kuma da ya ga ana gana wa ɗansa azaba, sai ya sungumi sarkin ya wurga shi rami.