Lamba 1004: Ramin da Ba a Nuna Mana a Tsarin Asusun Linux

Duk wanda ya taɓa zama a ajin koyon Linux ya ji ana yabon fayil ɗin /etc/passwd. Malami zai buɗe shi ya ce ku duba sauƙi: kowane asusu layi ɗaya, gurbi bakwai. Suna, harafin x a madadin kalmar sirri, lambar mutum, lambar rukuninsa, ɗan bayani, foldarsa ta gida, sai manhajar da ke karɓar umarninsa. Yana da kyau a ido, ban musa ba. Amma yabon ya yi yawa, domin akwai rami a tsarin, kuma na ga ya ci mutum.

Mu fara daga tushe. Kwamfuta ba ruwanta da sunanka, mu mutane aka yi wa sunan. Abin da ta sani shi ne gurbi na uku, lambar da ake kira UID. Lamba 0 ta root ce, kuma duk asusun da aka ba 0 ya samu cikakken iko, ko da sunansa baƙo. A Debian da Ubuntu mutane suna farawa daga 1000, a macOS daga 501. Idan ka adana fayil a faifan ext4, lambarka ake liƙa masa. Sunan da kake gani idan ka buga ls -l, an leƙa jerin asusu ne an fassara maka lambar.

To, ina matsalar? Idan aka goge asusu da userdel, layinsa ne ke tafiya. Ko an haɗa da -r, foldar gida da akwatin saƙonsa kawai za a share. Sauran fayilolinsa na wasu wurare suna nan da tsohuwar lamba, sun zama marayu. Shi kuma adduser na Debian, idan aka zo buɗe sabon asusu, lambar farko da ba kowa a kanta yake ɗauka. Kun ga ke nan sabon shiga zai gaji kayan wanda bai taɓa gani ba.

Haka ta faru a ɗakin bincikenmu. Wani da ke gaba da mu ya kammala digiri, aka goge asusunsa a babbar kwamfutar da muke amfani da ita tare. Sakamakon gwaje-gwajensa da ba a kai ga wallafawa ba yana kan faifan da kowa ke ajiya. Sabuwar ɗaliba ta zo, ta samu lambarsa, 1004. Wata rana faifai ya cika, aka ce kowa ya rage nasa. Ta ga manyan fayiloli da sunanta, ta ɗauka tarkacen wata manhaja ne da ta gwada, ta share. Kwamfutar ko tari ba ta yi ba, don a wurinta mai kaya ne ya zubar da kayansa. Allah ya sa akwai wani tsohon kwafi, amma aikin watanni ya salwanta.

A wannan gaɓar Windows ta fi. Kowane asusu yana da doguwar lamba, SID, mai farawa da S-1-5-21, sai lambobin da ke nuna wace kwamfuta ce, sannan ta mutum a ƙarshe. Idan ka goge asusu ka sake buɗe wani da suna iri ɗaya, sabuwar lamba za a ba shi, ba zai gaji komai ba. Tsohon fayil zai nuna mai shi a matsayin wanda ba a sani ba. Abin ba daɗin gani, amma gara wannan da a miƙa wa baƙo makulli.

Sai dai a yi adalci. An fara Unix a 1969 a Bell Labs, lokacin da 'yan mutanen da suka san juna ke aiki a kan na'ura ɗaya. Kuma tsarin ya taɓa gyara kansa: da, kalmomin sirri da aka rikiɗa suna zaune a /etc/passwd inda kowa ke karantawa, tsutsar Morris ta 1988 ta yi amfani da hakan, yanzu kuwa suna /etc/shadow da aka killace. Tunda an iya wannan, me ya hana a daina maimaita lamba tun daga saitin farko?

Kafin a gyara, masu kula da kwamfutar haɗaka su kiyaye. Kada a yi gaggawar goge asusu. A kulle shi, a sa masa ranar ƙarewa, lambar ta ci gaba da zama a kame. In gogewar ta zama dole, a buga find / -nouser a gano marayun fayiloli, a miƙa su ga wanda ya dace da chown kafin a buɗe wa kowa sabo. Malamai kuma, don Allah, idan kun buɗe /etc/passwd, ku fara ɗora yatsa a kan gurbi na uku.