Bashin da Ke Bugawa a Ƙirji: Nazari kan Finafinan Ƙwace Sassan Jiki

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Akwai wani ƙaramin rukuni na finafinan almarar kimiyya da ya ɗauki wannan magana a zahirinta. A cikinsu mutum yakan ci bashin hanta ko ƙoda ko zuciya ƙirar masana'anta, a dasa masa, ya riƙa biya wata-wata da kuɗin ruwa. Ranar da ya gaza, kamfani ya turo ma'aikacinsa ya farka cikinsa ya ɗauke kayan, ya bar shi kwance cikin jini.

Biyu ne suka fi shahara, kuma kusan tare suka fito. Na farko shi ne Repo! The Genetic Opera na shekarar 2008, wanda Darren Lynn Bousman ya ba da umarni, fim ne da kusan duk maganganunsa a waƙe ake yin su. An kafa labarin a shekarar 2056, bayan wata annoba ta lalata sassan jikin mutane, kamfanin GeneCo ya zo yana ba da su bashi, doka kuma ta halatta masa ƙwace su. Na biyu shi ne Repo Men na 2010, aikin Miguel Sapochnik, wanda aka ɗauko daga littafin Eric Garcia, da Jude Law da Forest Whitaker a matsayin abokai biyu masu yi wa kamfanin The Union aikin ƙwace. Kalmar "repo" da ke cikin sunayen biyu sananniya ce a Amurka: "repo man" shi ne sunan da ake kiran mutumin da banki ke turowa, sau da yawa cikin dare, ya janye motar wanda ya kasa biyan bashinta.

Lokacin fitowarsu ya zo musu daidai. A 2008 ne kasuwar bashin gidaje ta Amurka ta rushe, aka fitar da miliyoyin iyalai daga gidajen da suka saya bashi. A ƙasar da rashin lafiya kan jefa mutum cikin bashin da zai tsiyata shi, mai kallo bai buƙaci dogon bayani ba. Kimiyyar ma ba mafarki ba ce gaba ɗaya. Tun watan Disamba na 1982 aka dasa wa wani likitan haƙori mai suna Barney Clark zuciyar Jarvik-7 a jami'ar Utah, ya rayu da ita kwana 112. Shekara biyar bayan nan fim ɗin RoboCop ya sa tallan zuciyar ƙarfe a talabijin, ana jera ire-irenta kamar ana tallan mota.

Inda Repo Men ya fi burge ni shi ne ɗakin sayarwa. Shugaban reshen kamfanin, Frank, wanda Liev Schreiber ya fito a matsayinsa, yana zaune da maras lafiya da iyalinsa, yana ambata farashin da ya haura dala dubu ɗari shida, yana kwantar musu da hankali cewa za a tsara biyan daidai ƙarfinsu, yana tuna wa mutumin haƙƙin iyalinsa a kansa. Ba tsawa, ba barazana. Wanda ke tsaka da mutuwa kuwa ai ba ya ciniki, duk takardar da aka miƙo masa sa hannu zai yi. Daga nan wa'adin kwana casa'in ne ga wanda ya daina biya. In wa'adin ya cika, mai ƙwace zai sumar da shi, sannan ya cika sharaɗin doka ta hanyar tambayarsa ko yana son a kira masa motar asibiti, alhali mutumin ba ya ji ba ya gani. Wannan tambaya guda ta fi duk jinin da ke fim ɗin tayar da hankali, domin ta nuna kisan da aka yi shi bisa ƙa'ida, da takarda, da sa hannun mamacin.

Sai dai finafinan suna da wata ɗabi'a da ban yarda da ita ba. Kusan kullum jarumin labarin ma'aikacin kamfani ne. Remy na Repo Men ya yi shekaru yana farka mutane yana raha da abokinsa Jake, tausayi bai shige shi ba sai da wata na'ura ta yi masa lahani aka dasa masa zuciyar kamfani, bashin ya hau kansa. Nathan na Repo! shi ma mai ƙwace ne a ɓoye, yana ɗaure da igiyar mai kamfani. Ko fim ɗin Jamus mai suna Paradise na 2023, inda shekarun rayuwa ake jinginarwa a maimakon gaɓoɓi, haka ginin yake: Max yana lallashin matalauta su sayar da shekarunsu ga kamfanin AEON, bai ga aibin sana'ar ba sai da aka zare wa matarsa shekara arba'in saboda bashin gida. Jiki magayi, gaskiya ne. Amma sakamakon wannan zaɓi shi ne talakawan da aka yanka kafin jarumi ya farga sun zama kayan ado, ba suna, ba tarihi, ba wanda ya kai mu gidajensu mu ga yaransu. An koya wa mai kallo ya damu da lamirin mahauci fiye da ran abin yanka. Beth, mawaƙiyar da Alice Braga ta fito a matsayinta, wadda jikinta cike yake da sassan bashi, ita ce ta cancanci a ba da labarin ta bakinta, amma aka mayar da ita abokiyar gudun jarumi.

Repo! ya ɗan fi adalci a nan. Blind Mag, mawaƙiyar da kamfani ya ba idanu ya kuma mallake ta da su, ta ƙwaƙule idanun da hannunta a gaban 'yan kallo maimakon ta ci gaba da bauta. Fim ɗin cike yake da hayaniya da wuce gona da iri, amma ya bar mai bashi ta yanke wa kanta hukunci.

Kuskure mafi girma da finafinan suka yi shi ne dogaro da wuƙa. Duniya ta nuna cewa mai bin bashi ba ya buƙatar ɓata hannunsa da jini. A Amurka an daɗe ana sa wa motocin bashi wata na'ura da ke hana su tashi in an makara da biya. Mu ma nan mun san wayar da ake saya a biya kaɗan-kaɗan, wadda ke kulle kanta in wa'adi ya wuce. A fannin jiki kuwa, kamfanin Second Sight ya dasa wa makafi sama da 350 na'urar Argus II mai ba su ɗan gani, sannan ya daina ƙera ta a 2019, ya kusa durƙushewa a 2020, ya bar mutane da na'ura a ido ba tabbacin gyara. Ba wanda ya zo ƙwace musu komai, kamfanin ne kawai ya juya baya.

Shi ya sa nake ganin wani kashi na shirin Black Mirror mai suna Common People, da ya fito a 2025, ya fi magabatansa kusa da gaskiya. Amanda malamar makaranta ce da ciwon ƙwaƙwalwa ya kayar, kamfanin Rivermind ya cece ta a kan dala 300 kowane wata. Sannu a hankali aka fara cusa talla yana fita ta bakinta a gaban ɗalibanta, barcinta ya ƙaru, sai in mijinta Mike ya iya biyan tsari mai tsada. Kyamara tana tare da ma'auratan a ɗakin girki, suna lissafin albashi. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda, yana sayar da fili yau, gobe ya sayar da dabba don biyan zuwa biyu ko uku a mako, zai gane wannan lissafi.

Repo Men bai yi kasuwa ba, bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba. Amma ƙarshensa ya fi sauran fim ɗin nauyi. Nasarar da muka ga Remy ya yi a kan kamfani ashe mafarki ne da wata na'urar kamfanin ke saƙa masa bayan ƙwaƙwalwarsa ta lalace, kuma Jake ne ya ɗauki nauyin biyan kuɗinta. Wanda zai kalli finafinan nan, ina ba shi shawara ya fara da Common People, sannan in ya zo kan Repo Men ya fi sa ido a kan teburin Frank da takardar da ake miƙa wa maras lafiya.