Jakadan ƙasar da ba ta cikin taswira: a kan fim ɗin Letters to Max

Ƴan'uwa ɗalibai, fim ɗin da Bafaranshe Eric Baudelaire ya fitar a 2014 ya cancanci kallo, amma kada mu haɗiye shi ba tauna.

Ga yadda aka gina shi. Baudelaire yana aika wasiƙu daga Paris zuwa ga abokinsa Maxim Gvinjia, tsohon ministan harkokin waje na Abkaziya, yankin da ya ɓalle daga Jojiya bayan yaƙin 1992 zuwa 1993. Faransa ba ta yarda akwai wata ƙasa mai wannan suna ba, amma duk da haka wasiƙun suna isa. Muna karanta su a allo, Max yana amsawa da baki, hotunan Sukumi da bakin teku suna wucewa.

Abin da ya burge ni shi ne yadda fim ɗin ya sa muka ji nauyin aikin mutumin. Jakadan wata ƙasa yana neman ciniki ko tallafi. Shi kuwa Max roƙonsa a yarda ƙasarsa tana nan. Bayan Rasha ta amince da su a 2008, sai Nikaragwa, Benezuwela da ɗan tsibirin Nauru. Vanuatu da Tuvalu sun amince a 2011, daga baya suka janye. A shekarar ma Max ya bar kujera da aka yi sabon shugaba. Ga kuma Rasha: ita ce garkuwa, ita ce mai riƙe da lalita. To wane minista ne zai ɗaga mata murya?

Inda na saɓa da fim ɗin kuwa: Jojiyawa wajen dubu 200 ne yaƙin ya raba da gidajensu. Baudelaire ya taɓo maganarsu, gaskiya ne, amma Max ne ke amsawa. Su ba mu ji bakinsu ba, sai kangayen gidaje. Max mutum ne mai daɗin hira, kuma nan ne haɗarin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma shari'a ba a yin ta da bakin mutum ɗaya.

Ku kalle shi, ku saurari Max da kyau. In an tashi, ku tambayi juna: gidajen nan da ciyawa ta cinye, na su wa ne?