Zankayen Magarya da Dungas: Tarihin da Ake Shafewa da Siminti

Duk sa'ad da aka yi zancen gine-ginen gargajiya a Nijar, garuruwa biyu ake ambata: Agadas, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya a 2013, da Birnin Damagaram, wanda aka sa cikin jerin masu jira a 2006. Kudancin jihar Damagaram kuwa ba a cika waiwayarsa ba, alhali shi ma yana da abin nunawa.

Dungas da Waca na daga cikin tsoffin sarautun Sosebaki, waɗanda suka bi Barno kafin Damagaram ta rinjaye su a ƙarni na 19. Sarautar Magarya kuwa reshe ce ta gidan Haɓen Daura da jihadi ya tarwatsa a farkon ƙarnin. Da Faransa da Ingila suka shata iyaka, gyaɗa ta mai da Magarya kasuwa. Kowane zamani ya bar ginin da ya dace da shi: fada da zaurukanta, masallaci, gidan attajiri, sito.

Ginin Bahaushe ilimi ne. Magini kan cura tubali, ya jera shi cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya faɗaɗa gindin katanga ya tsuke samanta. Da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, yake ɗaura bakan gizo har soro ya yi faɗi ba ginshiƙi. Zanko na ƙawata kusurwa, indararo na tunkuɗe ruwa nesa da bango, makuba na kare yaɓe. Ɗakin da aka gina haka yakan yi sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu.

Ba damina kaɗai ke rusa waɗannan gine-gine ba, har da gyaran gangar auzinawa. Ƙasa na shan danshi ta fitar da shi; idan aka lulluɓe ta da siminti, sai danshin ya maƙale, bango ya ruɓe daga ciki, shafen ya ɓalle ɓawo-ɓawo. Mai gida ya ɗora wa ƙasa laifi, ya rushe, ya sa bulo da kwano. Da bangon kuma sana'ar magina ke tafiya.

Ba a ce talaka ya zauna cikin ɗaki mai yoyo don a faranta wa masana rai ba; yaɓen shekara-shekara na cin kuɗi da ƙarfi. Amma akwai hanya. Masallacin Yama, aikin Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji an mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a 2018 maimakon a rushe shi. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ma na nan, sai dai ba ta iya kare abin da ba a ƙidaya ba.

Ƙidayar aikin malamai ce da ƙungiyoyin al'adu: a auna kowane tsohon soro, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan magininsa daga bakin dattawa tun suna raye.