Yadda Ake Koya wa Injin Mota Aikin Ruwa

Gusau ba garin jirage ba ne. Gulbin Sakkwato da ya bi ta gefenta ya gangara Bungudu, da rani yashinsa ya fi ruwansa yawa. Amma a garejojin garin akwai kanikawan da suka saba ciro inji daga motar da ta gama yayi su ba shi sabuwar sana'a: wani ya koma janareta, wani ya riƙa jan ruwa ga masu noman rani a fadama, wani ya juya injin niƙa. Wanda ya ƙware a wannan ya riga ya ci rabin hanyar aikin da ya fi su duka wuya, wato ɗora injin mota a jirgin ruwa mai gudu, irin wanda zai tsaga tafkin madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, ko kogin Neja a Yawuri.

Dalilin sha'awar injin mota a fili yake. Injin Yamaha da ake rataya wa a bayan jirgi tsada gare shi, kayan gyaransa kuma sai an yi tafiya. Injin Toyota kuwa, ko a Tsafe fulogi ya mutu ko fambel ya tsinke, akwai shagon da za a samu. Ba mu muka fara ɗora injin mota a jirgi ba. A Tailan an daɗe ana ɗora injin mota a kan wani maƙalli mai juyawa a bayan jirgi, a jona masa dogon ƙarfe mai farfela a ƙarshensa, direba ya riƙa juya injin gaba ɗaya maimakon sitiyari, ya ɗaga farfelar in ya zo inda ruwa ba zurfi.

Abin da gwani ya sani, wanda mai gaggawa bai sani ba, shi ne cewa mota tana lallaɓa injinta. Tana ba shi giya biyar ya zaɓa, tana ba shi gangara ya huta, tana hura wa lagireto iska kyauta muddin tana tafiya. A kan kwalta mai kyau, kaɗan daga cikin ƙarfinsa yake amfani da shi. Ruwa ba ya yin wannan sassaucin. Ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma farfela tana da wata muguwar ƙa'ida: in kana son ta ninka saurin juyawarta sau biyu, sai ka ba ta ƙarfi ninki takwas. Injin jirgi tamkar jakin da aka ɗora wa kaya ne aka sa shi hawan dutsen Kwatarkwashi, dutsen kuma ba ya ƙarewa. Duk aikin bakanike shi ne ya lissafa abubuwan da mota take yi wa inji a ɓoye, ya samar masa da madadinsu ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa ba ya fara da sifana, da tambaya yake farawa. "Alhaji, mutum nawa za ka riƙa ɗauka? Tsawon jirgin ƙafa nawa ne? Gudu kake so ko dako?" Jirgi mai gudu sai ya ɗago ƙirjinsa ya hau saman ruwa yana sulɓi, kuma kowane kilo da aka ƙara masa yana hana shi wannan ɗagowar. Injin Peugeot 504, motar da aka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975, jikinsa baƙin ƙarfe ne, yana da haƙuri, kowane yaron gareji ya san cikinsa, amma nauyi gare shi. Ya fi dacewa da janareta, inda za a ɗaure shi a ƙasa ya riƙa juya altaneta sau 1,500 ko 3,000 a minti ba canji. Ga mai son gudu, hankali ya fi karkata ga irin 1NZ na Toyota, mai lita 1.5, wanda jikinsa alminiyam ne, bai kai kilo 100 ba, ƙarfinsa kuma ya ɗan haura doki ɗari. Sai dai shi ma da nasa sharaɗin. Ba kafireta gare shi ba, wata 'yar kwamfuta ce take auna masa mai, kuma ita da danshi ba sa ga maciji. Alminiyam kuma ba ya yafe zafi: sau ɗaya ya tafasa sosai, kan silinda ya karkace.

In an je sayen injin, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a wurin masu kawo na Kwatano, a nan ake gane wanda ya koyi aiki. Zai buɗe murfin baƙin mai ya leƙa ƙasansa. In ya ga wani farin kumfa mai kauri, ruwa ya haɗu da mai, gaskit ya ƙone, sai ya mayar da murfin ya yi gaba. Zai kwance fulogi huɗun ya jera su bisa tsari, domin kowanne yana ba da labarin ɗakinsa: mai ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau, mai baƙin maiƙo ringi ya saki. Sannan ya ɗaura agogon awon matsi a kowane rami, ya sa yaro ya buga sitata, ya rubuta lambar. Ba girman lambar kaɗai yake dubawa ba, kusancinsu yake nema. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi goma cikin ɗari, injin zai iya kai mota kasuwa shekara biyu, amma ba zai jure awa uku a ruwa da totur a buɗe ba.

Daga nan sai tuɓe masa kayan da ba ya bukata, famfon sitiyari da kwamfuresar sanyi da sauran tarkace, mai walda kuma ya yanka ƙarfe ya yi masa gado. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Inda ake daɗewa shi ne sanyaya. A cikin jirgi ba iskar da za ta bugi lagireto, ruwa kuma ga shi ko'ina, don haka malalaci sai ya jefa tiyo a kogi ya zuƙo ruwa kai tsaye cikin inji. Mako na farko kowa zai yaba masa. Amma ruwan gulbinmu da damina ja ne wur, laka da yashi ne a cikinsa, su ne za su kwanta a hanyoyin ruwan injin su toshe su, su cinye fukafukan famfo. Gwani yana barin inji da nasa tsabtataccen ruwan a rufe, ya bi da shi ta bututun ƙarfe da aka shimfiɗa a ƙasan jirgi ta waje, ko ta cikin wata 'yar ganga da ruwan kogi ke ratsawa. Ruwan biyu suna musayar zafi ta jikin ƙarfe, ba sa taɓa haɗuwa. Kuma ba ya cire tamostat, ɗan bawul ɗin nan da ke hana ruwa zagayawa sai inji ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. Cire shi ya zama al'ada a garejojinmu, wai don ƙasarmu da zafi, alhali injin da ke aiki da sanyi mai yake sha, ringinsa kuma yana saurin lalacewa.

Salansa ma ta rasa iskarta. Bakinta na kusa da inji yana iya yin ja, ga shi kusa da katako, sai a naɗe shi da abin da ba ya cin wuta ko a zagaye shi da rigar ruwa. Fetur kuma tururinsa ya fi iska nauyi. A mota yana zuba ƙasa iska ta kwashe, a jirgi kuwa cikin kwano yake taruwa yana jiran tartsatsi ɗaya daga sitata. Don haka tanki nesa da inji, kowace mahaɗar tiyo a ɗaure da kilif, kuma kafin a tayar sai an buɗe an shinshina.

Sai maganar turi, wadda ba ta zuwa a ran wanda mota kaɗai ya sani. Farfela tana tura jirgi ne ta hanyar tura ƙarfen da take kai, ƙarfen kuma in aka jona shi kai tsaye zai danna karanshaf, wanda ba a yi shi don ɗaukar abin da ya wuce taka kuloci ba. Dole a sa wani boris mai ɗaukar turi a tsakani, a ɗaure shi a jikin jirgin, turin ya wuce cikin katako ya bar inji ya yi juyinsa kawai.

Jona injin da ƙarfen farfela shi ne wurin da na fi son kallo. Faranti biyu ne za su haɗu fuska da fuska. Bakanike zai kusanto da su ba tare da ya ɗaura noti ba, ya zaro siraran ƙarafan awon rata, masu kaurin takarda, ya zura ɗaya a sama, a ƙasa, a dama, a hagu. In bambancin ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, sai ya sassauta ƙafar inji, ya cusa ɗan yankin gwangwani a ƙarƙashinta, ya ɗaure, ya sake aunawa. Yana iya cin yini a kan wannan, masu zaman inuwa a gefen gareji suna ta tambayar me ake jira. Bayan an sa jirgin a ruwa ya kwana biyu, sai ya dawo ya sake yin awon daga farko, domin katako in ya sha ruwa yana sauya zama, layin da ya miƙe a tudu ya ɗan kauce.

Farfela ce ƙarshe, ita kuma ba a zaɓenta a shago a gama. Galibi ana sa giya mai rage gudu a tsakani, domin farfela ta fi cizon ruwa in tana juyawa a hankali fiye da inji. Sai a loda wa jirgi irin nauyin da zai riƙa ɗauka, buhunan yashi a madadin mutane, a fita fili a buɗe totur duka, ido a kan agogon juyi. In inji ya kasa kaiwa kusa da juyin da aka ƙera shi da shi, yana gurnani, farfelar ta yi masa yawa, a rage karkatar fukafukanta. In ya zarce yana ihu jirgi bai ƙara gudu ba, ta yi kaɗan. Adadin buhunan da aka yi gwajin da su shi ne iyakar lodin da bakanike zai faɗa wa mai jirgi, kuma a jihar da ta ga kifewar kwale-kwale a Gummi a watan Satumban 2024, wannan lamba ce da ya kamata a rubuta da fenti a jikin jirgin inda kowane fasinja zai gani.