Darasin Magana a Bakin Kusugu

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da aka gina a kan rijiyar Kusugu, a cikin birnin Daura, ya san abin kallo a wurin ba shi da yawa: rijiya ce, da guga, da igiya, da ɗan sanyin da ke tasowa daga ƙasa. In ido kaɗai za a bi, minti biyar ya isa. Amma sai ka tarar baƙi sun daɗe a tsaye, ba mai taɓa wayarsa. Bakin mai ba da labarin ne ya riƙe su. Shi ya sa nake ganin duk mai son ya iya tsayawa gaban jama'a, ɗalibi ne ko ɗan siyasa ko ma'aikacin da aka ce ya gabatar da rahoto, ya kamata ya je ya kasa kunne a bakin wannan rijiya.

Aikin mai ba da labarin fa ba ƙarami ba ne, domin labarin da zai bayar kowa ya san shi tun firamare: Bayajidda, macijin da ake kira Sarki, Sarauniya Daurama, Bawo, Hausa Bakwai. Faɗa wa mutane abin da suka riga suka sani, kuma su saurara kamar yau suka fara ji, nan gwaninta take.

Wanda bai ƙware ba daga Bagadaza zai faro, ya biyo ta Barno, ya yada zango a Garun Gabas, ya ratsa Gaya wurin maƙeran da suka ƙera wa Bayajidda wuƙa. Kafin ya iso Daura rabin masu saurare hankalinsu ya tafi. Gwani kuwa daga ƙishirwa yake farawa. Sai ya nuna rijiyar ya ce gari guda ne ke sha daga nan, kuma ranar Juma'a kaɗai macijin ke bari a ɗebi ruwa. Ya tambaye ka: tulu nawa zai ishi gidanku kwana bakwai? Duk wanda ya san zafin bazara a ƙasar Daura, nan take maƙogwaronsa zai bushe. Daga nan an kama shi. Sai bayan ya ji ƙishin mutanen garin a jikinsa ake shigo masa da Bayajidda, baƙon da ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwan da zai ba dokinsa, aka ce babu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake sarrafa shiru. Idan ya zo inda baƙon ya zura guga cikin duhu, ya ji an riƙe igiyar daga ƙasa, sai ya sassauta murya, sannan ya tsaya cik. Numfashi biyu ko uku, ba ƙari. A cikin wannan ɗan shirun kowa ke leƙa rijiyar. Masu jawabi da yawa tsoron shiru suke yi, sai su cike shi da "to" da "wato" da "kamar yadda na faɗa", alhali a nan ne mai saurare ke haɗiye abin da aka ba shi.

Kuma ba ya zazzage buhunsa gaba ɗaya. Takalmin da baƙon ya bari a bakin rijiya, da kan macijin da ya tafi da shi, ambatonsu yake yi a gurguje kamar ba komai ba. Sai gari ya waye, Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe macijin, masu ƙarya suka yi ta fitowa, sannan ya dawo da takalmi da kai su yanke hukunci. Mai saurare sai ya ji kamar shi ya gano da kansa.

Kalmominsa ma da awo yake fitar da su. Yaran makaranta ya ba su maciji da doki da jarunta. Manya ya tsaya musu a kan Bawo da 'ya'yansa, da yadda Daura ta zama uwa ga Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. Wani lokaci kuma ɗan jami'a ya ɗaga hannu ya ce ai wasu masana na danganta Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka ya rasa ransa a shekarar 947. Gwani ba ya fushi, ba ya kuma kame-kame. Cewa yake yi, "Malam, rijiya ga ta kana gani. Labari kuwa haka muka ji daga magabata, kunne ya girmi kaka." Ya raba abin da ido ya shaida da abin da aka gada ta baki, kuma da wannan ne ake ƙara yarda da shi.

Ba daga sama wannan fasaha ta faɗo ba. Taku kaɗan daga rijiyar fadar Sarkin Daura take, inda Alhaji Umar Faruk Umar ke sarauta tun 2007. A al'adar fadojin ƙasar Hausa sarki ba ya ɗaga murya. Sanƙira ne ke ɗaukar maganar ya kai ta kunnen na nesa. Maganar da wani zai ɗauka ya maimaita dole ta zama gajera, cikakkiya, ba mai reshe goma ba. Wannan ma'auni ne mai kyau ga kowane jawabi: in mutumin da ke layin baya ba zai iya kai shi gida ya faɗa wa iyalinsa ba, bai nuna ba. Marigayi Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, wanda ya rasu a 2017, da irin wannan salo ya riƙa tsayar da taro, daga dandalin siyasa har zauren Majalisar Ɗinkin Duniya: murya ta hau ta sauka, labari ya shigo a kan gaɓa, jimla ta fito yadda za a iya haddace ta.

Yau a ɗakunan taro na Katsina da Abuja sai a cika majigi da rubutu, mai jawabi ya juya wa jama'a ƙeya yana karantawa. Mutumin Kusugu abu guda yake nunawa, kuma sai lokacinsa ya yi. Idan ya kai ƙarshe ba ya jan zance. Guga yake miƙa wa baƙo ya ce, "Bismilla, ja da hannunka." Igiyar ta yi nauyi, ruwan ya fito da sanyi, baƙon ya kurɓa a ranar da ba Juma'a ba. Shi kuwa ya koma gefe ya yi shiru.